Kyandir ɗin Kawu Ayuba

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Ayuba ya san yatsun nan nasa guda biyu, babban yatsa da manuniya na hannun dama. Baƙi ƙirin, sun yi kanta kamar diddigen manomi. Da su yake kashe wuta. Kawu ba ya hura fitila, ba ya hura kyandir. Sai ya kai yatsun bakinsa, ya jiƙa su da yawu, ya matse lagwanin. In ka hura, in ji shi, lagwani zai ci gaba da cin kansa cikin hayaƙi, asara ke nan. Ya sha shiga gidan mutane gaisuwar safe ya tarar an manta fitila tana ci, kafin ya ce ina kwana ya riga ya kashe ta.

Ni ce Saratu, 'yar ƙanwarsa. Na dawo hannunsa a Illo bayan rasuwar mijina, ba ɗa ba jika, na yi masa tuwo shekara tara, kuma ni na rufe masa ido. Don haka ku da kuka san shi a coci kawai, rabinsa kuka sani. Mutumin ƙasar Zuru ne, tsohon soja, a bariki aka yi masa baftisma. Da ya ajiye kaki ya sami gadin ɗakin shan magani a Illo, ya zauna har bakinsa ya koma na mutanen wurin. Shi ne katikis ɗinmu, wato mai koyar da addini da jan addu'a in babu Fada, limamin coci. Cocin Katolikan namu ɗaki ɗaya ne na laka da jinka a bayan kasuwa. Ba mu kai mutum talatin ba: 'yan kasuwa daga kudu, ma'aikatan kan iyaka biyu, Mishel kafinta da ya ƙetaro daga Dahome, sai mu. Sauran gari duk Musulmi ne, kuma lafiya lau muke zaune da su.

Fada kuwa sau ɗaya muke ganinsa a shekara. Wani dattijon Bafaranshe ne da ke zuwa a kan babur daga tsallaken iyaka a makon Ista. Ya zauna a gindin tsamiya kowa ya je ya furta zunubinsa, ya yi mana Mas, wato babbar addu'ar coci, mu karɓi gurasa mai tsarki da muke kira Jikin Almasihu, mu sauke nauyin shekara. Kuma kullum yana tafe da kyandir ɗin Ista, wani ƙato mai kaurin taɓarya, da gicciye a jikinsa, da lambar shekara, da ƙwayar lubban biyar da ake cusawa don tuna raunukan Yesu. Ƙa'ida ita ce a kunna shi kowace Lahadi har Alhamis ɗin Hawan Yesu Sama, kwana arba'in bayan Ista. Ran nan ana gama karanta Bishara sai a kashe shi, alamar Ubangiji ya ɓace wa idon almajiransa.

A shekarar da aka sami 'yancin kai, Fada ya zo kamar yadda ya saba. Da zai hau babur ya dafa kafaɗar Kawu, ya nuna kyandir ɗin, ya ce da Hausarsa ta baƙo, "Ayuba, riƙe wannan har na kawo wani." Ina tsaye a wurin. Magana ce ta ban kwana, irin wadda kowa ke yi. Ashe Kawu ya ɗauke ta kamar umarnin babban hafsa.

Dahome ta sami 'yancinta, mu ma muka sami namu, aka yi ta kiɗa. Ista ta zagayo, Fada shiru. Aka ce yanzu lissafinmu ya koma hannun wani Fada da ke can nesa ta gabas, shi kuwa garuruwan da ke wuyansa sun fi ƙarfinsa, ga hanya ba kyau. Kyandir kuma an riga an ƙone rabinsa a shekarar farko, don wa ya san za a yi haka? Kawu ya ɗauko wuƙa ya kankare lambar ƙarshe ta shekara, ya zana sabuwa, ya zauna ya yi ta kallon abin da ya rage. Daga ran nan aka fara awo.

Ga yadda yake yi. Kowace Lahadi zai ɗauko ƙwayar dawa ɗaya, ya kara ta a bakin kyandir, ya yi zane da farce a ƙarƙashinta. Ya kunna da ƙyastu, don ashana ɓarna ce. Karatun Bishara da wa'azi duka sai sun shiga cikin faɗin ƙwayar nan. Da wuta ta ci ta kai zanen, ko yana tsakiyar kalma, yatsu sun tafi baki.

To ku tuna wa'azin Kawu a lokacin Azumi, kwana arba'in ɗin nan kafin Ista da ba a kunna komai. Wayyo Allah! Nan yake baje kolinsa. Tun daga Larabar Toka, ranar farkon Azumin, yake kama mutuwa, ba ya sakinta. Tsutsar kabari, ranar shari'a, wutar da ba ta mutuwa, sai rana ta take muna zaune cikin zafin bazara, gumi na bin bayanmu. Kalmarsa ɗaya ce, kun san ta: "Ƙasa na jiranka." Da ita yake rufe wa'azi, da ita yake yi wa mai atishawa sannu. Ya taɓa zuwa barkar haihuwa, ya karɓi jaririn, ya dube shi da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa. Kai ma ƙasa na jiranka." Uwar ba ta ƙara yi masa magana ba sai da yaron ya fara tafiya.

Amma ran Ista, ranar da ya kamata a daɗe ana murna? Bishara yake karantawa da gudu kamar an biyo shi, ido ɗaya a littafi, ɗaya a kan zane. Sannan ya juyo.

"Ya tashi. Mata sun tahi, sun iske kabari ba kowa. Ku ma kuna tashi, in kun yi hali nagari, abin da nika shakka. Halleluya."

Yatsu, yawu, wuta ta mutu. An tashi.

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kwanuka ya taɓa yin ƙorafi. Ya ce, "Katikis, kwana arba'in kana kashe mu, yau an ce an tashi, minti biyar kacal?"

Kawu ya ce, "Mutuwa ba ta cin kyandir. Tashi shi ka ci."

Haka muka bi Lahadin Ista ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Ta Toma mai shakka: "Ya ce sai ya taɓa. Ya taɓa. Ya ji kunya. Ku kiyaye." Ta Makiyayi Nagari: "Shi na makiyayi, ku na tumaki, kun kuwa san halin tumaki." Yara har haddace su suka yi. Muna dariya, amma ni dai wani lokaci in na fito sai in ji kamar an ɗora mini abinci an janye kwanon kafin in kai loma ta biyu.

Ga kuma wahalar ajiya. Kun san Ista a tsakiyar bazara take faɗowa, lokacin da ko ƙarfe laushi yake yi a Illo. Wata shekara muka buɗe akwati muka tarar kyandir ya lanƙwashe kamar ƙahon sa. Kawu ya yi kwana uku yana miƙar da shi tsakanin allunan Mishel. Daga nan ya koma binne shi a jiƙaƙƙen yashi a gindin randar ruwana, kuma ya kafa mini doka kada in kuskura in bar yashin ya bushe. Ni ban taɓa renon ɗa ba, amma na yi renon kyandir.

Sai ɓera ya gano wurin. Muka wayi gari ya ƙwaƙule gefe guda, wajen faɗin yatsu uku. Ban taɓa ganin Kawu a irin wannan hali ba. Ya kafa tarko, ya yi ta gadi, a rana ta biyu ɓera ya shiga hannu. Na ɗauko shi ta wutsiya zan wurga a bola.

"Ke! Ina za ki da shi?"

"Bola mana, Kawu."

"Bola? Da abu mai albarka cikin cikinai? Ɗauko mani hauya."

Wallahi da idona na ga tsohon soja ya haƙa rami a bayan coci, ya sa ɓera, ya rufe, ya daddaɓe ƙasar da tafin hannu. Maƙwabcinmu Malam Sanda, wanda ke fiton mutane da jirgi a bakin kogi, ya leƙo ta kan danga. Shi da Kawu abokan tsokana ne na shekara ashirin.

"Katikis, rasuwa anka yi? Ba a hwaɗa muna ba, da mun zo gaisuwa."

"Ɓarawo na. Ƙasa ta gama jiranai."

"To Allah shi jiƙan ɓarawo. Amma ka ga shi dai ya ci Ista ya ƙoshi, ba kamar mutanenka ba."

Kawu ya saɓa hauyarsa ya shige gida. Ina tsammanin maganar ta shige shi, don ran nan bai taɓa tuwon rana ba.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ku ba ku gani ba. Ɗan Katolika wajibi ne ya furta zunubinsa ga Fada ya kuma karɓi Jikin Almasihu ko da sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista. Kawu ne ya koya mana haka, da bulala a hannu ma. Da muka ga Fada ya ƙi zuwa, sai muka riƙa bin Mishel muna ƙetarawa Dahome, tafiyar yini, mu sauke nauyinmu a wurin wani Fada mu dawo. Kowa ya je, har ni. Kawu kaɗai ya ƙi. Mutumin da ya fi kowa tsoron mutuwa da zunubi a ka, shi ne ya yi shekara bakwai bai furta ba. Ina jinsa yana nishi a kan tabarma, yana bugun ƙirji. Na roƙe shi har da kuka.

"Kawu, ga jakin Malam Sanda, ya ce a ɗauka. Mu tahi mu dawo."

"Ya ce in riƙe har shi kawo wani. In nit tahi can, shi ya biyo ta wata hanya ya iske ba ni nan hwa? Soja ba shi barin wurin gadi sai an canje shi."

"To in ka mutu hakanan?"

"Wanga kuma tsakanina da shi na."

Ban san wane "shi" yake nufi ba, Fada ko Mai Sama, ban kuma tambaya ba.

A shekara ta biyar Mishel ya dawo daga tsallake da abu biyu: sabon kyandir da ya saya a kasuwa, da labari. Ya zauna ya cire hula, ya ce an faɗa masa tsohon Fada ya koma ƙasarsu da ciwo, kuma ya rasu a can.

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Ka ga kabarin?"

"Haba Katikis, a Faransa fa."

"Ba ka gani ba ke nan. Wanga kyandir kuma wa ya sa mai albarka? Mai tireda? Kai ma matarka ta riƙa duba ƙwarƙwata da shi."

Mishel ya kwashi kayansa yana gunaguni da yarensu. Muka yi dariya, amma da na shiga ɗaki ɗaukar tsintsiya na tarar Kawu zaune a gindin randa, ya dafa yashin da hannu biyu, ya ƙura wa bango ido. Ya yarda da labarin sarai. Faɗa ne kawai ba zai yi ba.

Sai kuma shekarar tashin hankalin nan ta zo, wadda ba na son tunawa. 'Yan kudu suka kwashe cikin kwana biyu, wasu ta mota, wasu Malam Sanda ya ƙetarar da su a jirginsa. Mai kwanuka ya bar shagonsa a buɗe. Aka canja wa ma'aikatan kan iyaka wurin aiki. Muka koma mu shida, sannan huɗu: Kawu, ni, Mishel da matarsa. Benci ya yi mana yawa, gara ta shiga cin na baya. Duk da haka kowace Lahadi sai Kawu ya buga guntun ƙarfen da ke rataye a tsamiya sau uku, ya jira, wai ko akwai masu makara.

Istar ƙarshe, kyandir bai fi tsawon babban yatsa ba. Gicciyen ya daɗe da ƙonewa. Ƙwayoyin lubban ɗin nan biyar, da yake ta saukar da su ƙasa kowace shekara, sun cunkushe wuri ɗaya. Kawu kansa ya ƙare, ƙafafu sun kumbura, tari ba ya barinsa. A Lahadin Makiyayi Nagari sai da muka riƙe shi ya tsaya.

Alhamis ɗin Hawan Yesu Sama ya kasa tashi sam. Da hantsi ne, hadarin farko ya haɗo ta gabas, gari ya yi duhu-duhu, iska na kaɗa jinka. Mishel da matarsa sun tafi gona don kada shuka ta wuce su. Ya ce in tono kyandir in kafa a kan turmi kusa da tabarmarsa. Na kunna. Idonsa ba ya gani sosai, don haka da ka ya karanta inda Yesu ya ce wa almajirai kada su bar birni, su jira abin da aka yi musu alkawari, sannan aka ɗauke shi suna kallo. Yana gamawa na kai yatsuna baki, don ranar kashewa ce, kuma na ga hannunsa ba zai kai ba.

"Bar shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Kawu, ya wuce zane."

"Na ce bar shi shi ci. Zamna, ɗiyata. Wa'azi za ni yi."

Jama'a, ashe mutumin nan yana da wa'azin Ista a cikinsa, shekara bakwai yana danne shi! Ya yi maganar Maryamu Magadaliya a bakin kabari, yadda ta ga Yesu ta ɗauka mai gadin lambu ne har sai da ya kira sunanta. Ya ce shi ma mai gadi ne, ya san yadda ba a kallon fuskar mai gadi. Ya yi maganar mutum biyun nan da suka yi tafiyar yini da Ubangiji ba su gane shi ba sai wajen cin abinci. Ya yi maganar kifin da ya gasa wa almajirai a bakin ruwa, ya ce duk wanda ya tashi daga kabari ya fara da hura wa abokansa wuta, ba mai rowa ba ne. Har dariya ya yi, ta koma tari. Ko sau ɗaya bai ce ƙasa na jiran kowa ba. Ni kaɗai ce jama'ar, ina zaune a ƙasa ina share hawaye da bakin zane.

Sannan ya kamo hannuna.

"Saratu, ke ba Fada ba ta, ba ki iya kwance mani komi. Amma riƙe wagga magana, in wani ya zo ki ba shi. Ki ce Ayuba ya yi hushi da wanda yat tahi bai dawo ba, ya ƙi zuwa wurin wani don girman kai, yana cewa biyayya ta. Ki ce kuma ya yi ma mutane rowar murna. Sun zo da yunwa ran Ista, na auna masu da ƙwayar dawa. Ga shi sun watse, ban ba su ba."

Na ce, "Kawu, ai don kyandir shi kai ne."

"To ga shi ya kai. Wa ya gani?"

Muka zauna muna kallo har lagwanin ya kwanta cikin narkakken kaki, ya yi ɗan hayaƙi, ya mutu don kansa. Ƙamshin lubban ya cika ɗakin. Can sai ruwa ya sauko.

Kwana shida ya ƙara. Bai kai Fentikos ba, idin da ke zuwa kwana goma bayan Hawan Yesu Sama. Mishel ya yi akwati da allunan bencin da gara ta rage, Malam Sanda da 'ya'yansa suka haƙa kabarin a bayan coci. Da suka gama, Malam Sanda ya jingina da hauya, ya dubi wurin ya ce, "Kusa da ɓarawonai. To, sai su shirya." Ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Bayan kaka, wata biyar da binne shi, muka ji ƙarar babur. Wani matashin Fada ne, baƙar fata ɗan ƙasarmu, ƙura har gira, da dogon abu a naɗe cikin tabarma a bayan babur ɗin. Ya ce yana neman katikis. Na kai shi bayan coci. A nan tsaye na ba shi saƙon, kalma da kalma, ban rage ba, ban gyara ba. Ya ce mini a hankali ba a furta zunubi ta bakin ɗan aike, shi ba shi da ikon kwance wanda ya riga ya tafi. Na ce na sani, Kawu ma ya sani, an dai ce in ba ka ne. Sai ya durƙusa a kan ƙasar ya daɗe bai tashi ba. Da ya miƙe ya kwance tabarmar, ya kafa sabon kyandir a kan kabarin, ya kunna da rana tsaka, ba lokacin Ista ba, ba komai ba. Na ga kaki na zuba a banza, wallahi ban san sanda yatsuna suka kai bakina ba. Na mayar da hannun na ɓoye a cikin zane.

Har yau ban sani ba ko saƙon ya isa inda ya kamata, kuma abin yana damuna. Ya Ubangiji, kai da ka san mai gadi da sunansa, bawanka Ayuba ya tsaya inda aka ajiye shi, da taurin kansa da komai. Abin da ya ba ni riƙo na kawo gabanka, ka kwance masa da hannunka. Ka ba shi hutawa, ka kunna masa hasken da ba a yi wa zane. In kuma ka ga ya kai yatsu baki, ka riƙe masa hannu, ka ce ya bar shi ya ci. Amin.